Akwatin Baƙo Mai Baki Shida

Salamu alaikum masu latsa waya. Ni ce dai Baraka ta unguwar Zariya, ta nan Maradi, kada wata ta kai ni Najeriya. Ban iya boko ba, ban iya ajami ba, magana nike zubawa cikin salula, wata mai haƙuri ta maida maku ita rubutu. Wadda ta aiko tana tambaya wai ban ji kunya ba, tsohuwa da jikoki tana ba da labarin soyayya: na ji, ɗiyata. Da safe na ji ta, kafin hantsi ta wuce.

Ga waɗanda yau sunka shigo. Alhajina ya rasu da daɗewa, ya bar mani gida, da ciwon gwiwa, da ɗiya maza biyu masu kamiyo, manyan motocin kaya, tsakanin Maradi da Kwatano. Babban, wanda bakina ba ya kama sunanshi tunda shi ne na fari, shina Kwatano, shi ke riƙe da dukiya. Ƙaramin, Chaibu, shina nan gida, shi kuma ni yake riƙe da ita.

Sai Allah ya kawo Baƙo.

Baƙo mai sono ne, shi ke kawo lasifika wurin suna da ɗaurin aure. Mutumin Tibiri, matarshi ta rasu, gemu fari tas, kunnen hagu ya ɗan mutu saboda aiki. Ranar da ya fara aiki gidanmu ya nemi inda zai aje wani akwatin ƙarfe, na ba shi ɗakin ajiyata da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda buhunan hatsi suke. Na tsaya ina kallo, don hatsina.

Akwatin bai kai faranti girma ba. Baki ɗaya ta gefe, baki shida ta ɗaya gefen, kowane da ɗan maɓallinshi na murɗawa.

Na ce, "Wanga fa mi yake ci?"

Ya ce, "Hajiya, kin san ruwan Jiratawa? Babbar hanya ɗaya ke kawo shi, a raba ma kowace fadama. To haka. Magana ta fito daga tabur ɗina na haɗa sauti, ta shiga bakin ga ɗaya, ta fita shida. Rumfar maza, cikin gida, ƙahon titi, zauren baƙi, mai bidiyo, da waya don na nesa."

"In an raba shida ai kowa ɗan kaɗan zai samu."

"Da can haka ne, lokacin da nike murɗe wayoyi wuri guda. Murya ta rame, ga gurnani guuu kamar an ɗaure sa. Wanga kowa cikakken rabo yake ba shi. Ki cire ɗaya, biyar ba su ko sani ba."

"Ruwan na komawa baya?"

Ya yi dariya. "Ba ya komawa. Wanda ke bakin shiga shi ke magana. Saura ji ne nasu."

Wayoyin duk baƙaƙe ne, na ga yana cire wannan yana maida wancan yana tsaki. Na shiga ɗaki na yago ƙyallaye na ɗaure ma kowace. Ja na maza, kore na mata, shuɗi na wayar Kwatano, haka dai. Ya dube ni ya ce, "Tun ina saurayi nike wanga aiki, ba wanda ya taɓa ɗaure mani ƙyalle." Na ce to ka daɗe kana wahala. Daga nan ne vokal ɗinshi, saƙon murya, ya fara shigowa salulata. Ba ya cewa komi, sai "Hajiya, ya gwiwa?" Amma mutum bai tambayar gwiwa safe da yamma don Allah kaɗai.

Wanda ya karanta na baya ya san yadda Chaibu ya ɗauki zancen. Ya shigo ɗakina da shaddarshi mai ƙara, ya zauna bakin gado, ya aje makullin mota.

"Inna, mi kinka rasa?"

"Ban ce na rasa ba."

"Klim mai sanyaya ɗaki gare ki. Makka sau nawa? Mai jan waya, Inna! Ubanshi ma Anne ne, gidansu har yau akwai masu yanka baƙin akuya bakin gona."

"Shi dai sahun gaba yake salla. Kai fa, wane sahu?"

Ya shafa fuska. "Yaya ya ce in wanga magana ta fita, in aje mashi makullan kantinshi. Kin san shi."

Na san shi, ni na yaye shi. Chaibu ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi mashi yawa, tun yana yaro in anka tsawata ma wani shi ke fara kuka.

To sai ga ɗaurin auren jikata Tahira, ɗiyar Chaibu, da wani malamin asibiti da ta zaɓo da kanta. Duk Maradi ba mai aikin Baƙo, dole shi anka kira. Daren jajibiri ban ce ba, da la'asar ne, vokal ya shigo: "Hajiya, yayana Nomau zai zo daga Tibiri da goro. In an shafa fatihar yarinya, zai miƙe gaban liman da dattawa ya nema mani. Sau ɗaya za mu tambaya. In anka maido goron, ba ni sake damun ki, ko gwiwar ba ni ƙara tambaya."

Bagobiri ne, in ya ce sau ɗaya to sau ɗaya ne. Na saurara har sau ban-sani-ba, sannan na kira mai lalle.

Da safe gidan ya cika. Zafi tun da wuri, irin na bazara da ke sa turare ya koma tsami. Na sa leshi ruwan ƙasa, da gyale mai duwatsu da na ɓoye ƙasan akwati, da awarwaro biyu. Ƙawata Tasalla, wadda munka yi ƙuruciya tare a Sabon Gari, ta dubi hannuna ta kama baki.

"Baraka, wanga lalle na kakar amarya ne ko na amarya?"

"Rufa mani baki, tsohuwar banza."

"Har da ɗan zane a yatsa! Allah ya shirye ki."

"Ya shirye mu, ke da kinka binne maza uku."

Munka zauna gindin dalbejiya cikin mata. Babban bafal na jingine jikin bango, muryar maza na fitowa tsaf kamar suna tsakar gida. Mu muna jin su, su ba su jin mu, haka abin yake tun da. Gefe guda ga wani ƙaramin tabur da mikro marar waya, an rufe da tawul, na malamar da za ta yi ma amarya nasiha da yamma. Baƙo ya riga ya ja wayarshi har ɗakin ajiya, ya aje ƙasa da farin ƙyalle, sai lokacinta ya yi ya sauya ta da ta bakin shiga.

Anka ɗaura na Tahira. Sanƙira ya yi shela, mata sunka rangaɗa guɗa, uwar amarya ta fashe da kuka kamar ba ita ta matsa a yi ba. Na ji liman ya ce, "Akwai wata magana?" Na ji gyaran murya, irin na mutumin gona da bai saba da mikro ba.

"Salamu alaikum. Ni ne Nomau, daga Tibiri. Mun zo ne..."

Ƙit. Bafal ya mutu.

Mata sunka ce kuran ne, an ɗauke wuta. Wata ta ce ai an gama, a kawo shinkafa. Amma ni na kasa kunne: can bayan katanga ƙahon titi na magana, sama-sama, ba a gane kalma. In kuran ne, duka za su mutu. Ki cire ɗaya, biyar ba su ko sani ba. Sai na hangi Ya'u, direban Chaibu, yana fitowa daga ɗakin ajiyata yana kakkaɓe hannu, shi da ba ruwanshi da hatsi.

Na dafa kafaɗar Tasalla. "Tashe ni."

"Ina za ki?"

"Duba gero."

"Yau?"

"Yau ɓera ya shiga."

Ku da ke da gwiwa ba ku san nisan tsakar gida ba. Ga tabarmi, ga kwanoni, ga kowace mata sai ta riƙe ni ta ce Hajiya barka, Allah ya sa alheri. Ina amin, amin, ina jan ƙafa, zuciyata na can rumfa. Fita wurin maza kuwa ba ta taso ba. Kakar amarya ta ratsa alhazan Maradi da lalle a hannu? Da an manta da auren Tahira, sai nawa labarin za a yi har jikokinta.

Na tura ƙofar ɗakin. Akwati na bisa buhu, 'yan fitilunshi na ƙyaftawa. Koren ƙyalle na ƙasa, yashe, Ya'u ya bi wayar bafal ɗinmu ya cire ta. Na duƙa, gwiwa ta ce ƙas, na ɗauka na maida shi bakinshi.

Muryar ɗana Chaibu ta cika tsakar gida, har ta ƙofa nike jin ta.

"...mun gode da karamci, Allah ya bar zumunci. Amma mun tambayi mahaifiyarmu, ta ce ita yanzu ibada ta sa gaba, a yi haƙuri a maida goro."

Cokula sunka tsaya. Mata ɗari da wani abu, ba mai tari. Tasalla da ta biyo ni ta tsaya bakin ƙofa, ido waje.

"Ke anka zo nema? Yau? Baraka!"

"Yaushe ya tambaye ni?"

"Budurwa ce in ta yi shiru a ce ta yarda. Bazawara sai an ji daga bakinta, ko liman ya sani."

"Ya sani, amma ɗana ne waliyyi, ya ce ya ji. Wa zai ƙaryata Alhaji Chaibu gaban surukanshi?"

Muryar liman ta fito, a hankali: "To, tunda haka ne, Malam Nomau, sai haƙuri. Bari mu yi addu'a mu rufe..."

In ya shafa wagga fatiha, shi ke nan. Goro ya koma Tibiri.

Na dubi akwatin. Baki shida na ji ne. Ɗaya ne na magana. Na kama wayar da ke bakin shiga, wadda ta taso daga tabur ɗin Baƙo, na danna ɗan ƙarfenta kamar yadda na ga yana yi, na fizge.

Duniya ta yi tsit. Rumfa, titi, zaure, duka. Liman na can yana motsa baki ba mai ji.

Akwai wani tsohon mikro rataye jikin ƙusa, na gwaji. Na cusa wayarshi bakin shiga, ta shiga daram. Na ce, "Salamu alaikum." Ba komi. Na ɗaga murya, "Salamu alaikum!" Daga bafal wani ɗan zizi ya fito kamar sauro cikin tulu.

Gumi ya karyo mani. Waje an fara hayaniya, ina jin maza na cewa ina mai sono, a duba gurup, injin wuta. Na san Baƙo na zaune gaban tabur ɗinshi, fitilunshi duk suna aiki, ya san ba can matsalar take ba. Ya san ɗakin da take. Ya kuma san mutum biyu ne duk duniya sunka san ƙyallayen ga. Bai taso ba. Daga baya anka gaya mani wai duƙawa ya yi ƙarƙashin tabur yana laluben abin da bai ɓata ba.

Sai maganarshi ta faɗo mani. Wata rana na tambaye shi don mi ba ya sa mikro kai tsaye ya huta da jan kaya. Ya ce, "Mikro shi kaɗai muryarshi jaririya ce, Hajiya. Sai ta bi ta tabur ta yi ƙarfi, ta kai mizanin da akwati ke karɓa. Akwati ba ya reno, rabo kawai ya iya."

Farin ƙyalle na nan ƙasa, kusa da ƙafata.

"Tasalla! Tabur ɗin malama. Ɗage tawul, danna jan maɓalli na baya, ki tura na farko sama, ki kawo mani mikro."

"Ni? Ni da ko rediyo jikana ke kunna mani?"

"Ja! Na baya! In kinka tsaya tambaya na mutu gwauruwa, kuma ke za ki yi mani wanka."

Ban taɓa ganin Tasalla ta yi gudu ba sai ran nan. Zane a hannu, ɗankwali ya zame. Na cire mikron banza, na ɗauki farin ƙyalle na cusa bakin shiga. Ta dawo tana haki ta miƙa mani, ɗan koren haske na jikinshi.

Na hura. Fuuu! Titin Zariya duka ya amsa.

To jama'a, nan ne wuya. Abin da zan faɗa zai fita baki shida, kowa cikakken rabo. Surukan Tahira za su ji. Mai bidiyo zai ɗauka. Kuma ɗana ne, ni na goya shi. In na ce ƙarya yake, na kashe shi a kasuwar Maradi.

Na ce, "Salamu alaikum, Malam liman. Baraka ce, uwar Chaibu. A gafarce ni, ba tarbiyyata ba ce magana cikin maza, ga ni nan cikin ɗaki ban fito ba. Yaron ga kunyata yake ji. Wane ɗa ne zai iya duban uwarshi ya ce Inna kina son miji? Ya amsa maku da abin da yake ganin ya dace da ni. Amma ba a tambaye ni ba. A tambaye ni."

Na jira amsa. Sai na tuna bakin shiga ɗaya ne: in ina magana ba ni jin su. Na cire fari, na maida wayar maza ta tabur ɗin Baƙo.

Hayaniya ta shigo kamar kasuwar Tibiri ranar Laraba. Wani tsoho na dariya har da tari. Wani na cewa subhanallahi. Liman ya yi ta "Jama'a, jama'a," har anka lafa.

"Gaskiyarta," in ji shi. "Haƙƙinta ne. Hajiya Baraka, in kina ji na: Malam Nomau ya nema ma ƙanenshi Baƙo aurenki. Kin yarda, ko ba ki yarda ba?"

Na kai hannu zan sauya waya. Haske ya tare daga ƙofa.

Chaibu ne. Hula a karkace, shadda ta jiƙe har ƙirji. Tasalla ta manne jikin buhu kamar ba ita ba. Ya shigo ya tura ƙofa, ya ɗora hannu bisa wayar kuran da ke ba akwatin wuta. Ja ɗaya, duka shida su mutu.

"Inna."

"Na'am."

"Gaban surukaina, Inna."

"Na rufa maka asiri gabansu. Kai ka rufa mani?"

"Yaya na kan layi. Tun safe yake saurare, shi da mutanenshi a can."

"Na sani. Ni na ɗaure mashi shuɗi."

Daga bafal liman ya sake: "Hajiya? Muna saurare."

Na ce, "Chaibu, ja. Wallahi ba ni hana ka. Amma in ka ja, ka ga ƙafar ga mai ciwo? Da ita zan ratsa zaure in fita rumfa in ba shi amsa da bakina, mai bidiyo na ɗauka. Zaɓi wanda ka fi iya ɗauka."

Ya dube ni. Ya dubi lallen hannuna, ya daɗe yana dubanshi. Ina jin tun rasuwar ubanshi bai ga hannuna da lalle ba, kuma sai yanzu ya lura.

"Shi ɗin mi yake ba ki wanda ba mu ba ki?"

"Yana tambayar gwiwata."

"Mu ba mu kai ki likita?"

"Kuna aiko Ya'u."

Hannunshi ya sauka daga wayar kuran. Na yi ƙoƙarin cusa farin ƙyalle, wayar ta ƙi shiga, ƙarfe na ta bugun ƙarfe. Sai ya karɓa. Na ce shi ke nan, zai jefar. Ya juya ta, ya duba haƙoranta uku, ya cire ta maza ya cusa tawa har ta ce ƙyas.

Sannan ya rufe mikron da tafin hannu, ya yi ƙasa da murya kamar lokacin da yake satar mani ƙuli-ƙuli.

"Wanne ne na Yaya?"

Na nuna shuɗi. Ya kama ɗan maɓallin da ke kanshi ya murɗe shi ƙasa har ƙarshe.

"Biyar sun ishe ki, Inna. Wanga ni zan gaya mashi da bakina."

Ya ɗage hannunshi daga mikro.

Na ce, "Malam liman, na yarda."

Guɗar da ta tashi tsakar gida ba ta bi ta akwatin kowa ba, amma an ce har bakin kwalta an ji ta. Tasalla na yi tana kuka tana dukan buhun gerona. Na cire fari na maida ma maza layinsu da kaina. Muryar farko da ta fito ba ta liman ba ce. Wani ne ya matso kusa da mikro, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai gwaji, ya ce, "Sauti ya dawo, jama'a. Waya ce ta ɗan motsa." Tun saurayi yake wanga aiki, ya rasa abin faɗa sai wannan.

Chaibu ya zauna bisa buhu, shadda da komi. Cikin aljihunshi salula ta fara kuka. Ya fiddo ta, ya juyo mani fuskarta. Ban iya karatu ba, amma hoton na sani, ni na haife shi.

Ta yanke. Ta sake ɗauka.

"Ba ni," na ce.

Ya girgiza kai. Ya gyara hularshi, ya miƙe tsaye kamar mai shiga sahu, ya danna ya kai kunne.

"Yaya," ya ce. "Zauna tukuna."